SANIN WURIN DASHE KAFIN DASHE: AMFANI DA TASWIRAR DACEWA WAJEN FARFAƊO DA DAJIN MANGUROF A GAƁAR TEKUN NIJERIYA

GABATARWA

Gaɓar tekun Nijeriya ta kai tsawon kilomita 853, tun daga kan iyakar Jamhuriyar Benin a yamma har zuwa kan iyakar Kamaru a gabas. A bayan wannan gaɓa akwai dausayi mai faɗin gaske, inda ruwan koguna ke haɗuwa da ruwan gishiri, kuma a cikinsa ne dajin mangurof yake, wato itatuwan da Allah ya hore wa ikon rayuwa cikin taɓo da ruwan gishiri. Dajin mangurof na Nijeriya shi ne mafi girma a nahiyar Afirka, kuma mafi yawansa yana yankin Neja-Delta, a jihohin Delta da Bayelsa da Ribas, sannan ya miƙa zuwa Akwa Ibom da Kuros Riba ta gabas, da Ondo da Ogun da Legas ta yamma.

Shekara da shekaru ke nan wannan daji yana lalacewa, kuma gwamnati da ƙungiyoyi da jama'ar gari suna kashe kuɗi da ƙarfi wajen dasa sabo. Abin takaici shi ne dashe da yawa ba ya kai labari, domin an dasa itacen da bai dace ba a wurin da bai dace ba. Wannan ƙasida za ta yi maka bayani, ya kai malamin gona, da kai manomi ko masunci, game da wata hanya da masu bincike ke bi domin gano inda kowane irin itace zai iya rayuwa tun kafin a sa shi a ƙasa. Za ka ga yadda ake haɗa taswirar, da rawar da kai za ka taka, da kuma inda ya kamata ka yi hattara da ita.

AMFANIN DAJIN MANGUROF

Saiwoyin mangurof su ne gidan renon kifi. A cikinsu ne ƙananan kifaye da jatan lande da ƙaguwa ke fakewa har su girma, kawa kuma tana manne wa saiwoyin, ƙananan dodon koɗi suna kiwo a taɓon da ke ƙarƙashi. Mata da yawa a ƙauyukan Neja-Delta da tsintar waɗannan suke ciyar da gida. Busasshen jatan lande da ƙyafaffen kifin da fatake ke saye a Oron da Kalaba da Fatakwal su kai kasuwannin Arewa, da yawansu a wannan daji suka soma rayuwa. Saboda haka lalacewarsa tana taɓa aljihun masunci da na ɗan kasuwa baki ɗaya.

Har ila yau dajin yana karya ƙarfin igiyar ruwa, yana riƙe taɓo, yana kare gidaje da gonakin da ke bayansa daga zaizaya da shigowar ruwan gishiri. Duk wanda ya ga yadda teku ta ci wani babban sashe na garin Ayetoro da ke ƙaramar hukumar Ilaje a jihar Ondo ya san abin da zaizayar gaɓa ke jawo wa mutane. Bugu da ƙari ana samun itacen girki da na ƙyafa kifi da na gini daga dajin, kuma taɓonsa yana adana sinadarin kabon mai yawa, wanda in ya fita iska yakan ƙara ɗumamar yanayi.

ABUBUWAN DA KE LALATA DAJIN

1. Malalar ɗanyen mai. Mai yana toshe ƙofofin numfashin saiwoyi, itace ya mutu a tsaye. A shekarar 2008 an sami malala biyu manya a Bodo da ke ƙasar Ogoni, waɗanda suka kashe daji mai faɗi. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 ya ce farfaɗo da muhallin Ogoni zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

2. Sara ba ƙaƙƙautawa domin itacen wuta da gawayi da gini.

3. Yasar hanyoyin ruwa da gina tituna da cike fadama domin gidaje. Waɗannan suna canza yadda ruwa ke shiga da fita: wani wuri ya nutse, wani ya bushe, wani kuma gishiri ya yi masa yawa.

4. Mamayar kwakwar nipa. An kawo wannan tsiro daga Singafo aka dasa a Kalaba a 1906, aka kuma dasa a Oron a 1912, da nufin hana zaizaya. 'Ya'yanta suna iyo a kan ruwa, kuma duk inda aka sare mangurof aka bar fili, takan riga shi kama wuri. Wanda ya san yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru zai gane irin wannan matsala.

ME YA SA DASHE KE MUTUWA?

Ba mu kaɗai wannan ya shafa ba. A ƙasar Filifin, wani nazari da aka buga a 2008 ya nuna cewa bayan shekaru ana dashe, abin da ya rayu bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba. A Siri Lanka, inda aka yi dashe mai yawa bayan ambaliyar tsunami ta 2004, masu bincike sun zagaya wurare 23, suka tarar a wurare 9 babu ko itace ɗaya da ya rayu, kuma wurare 3 kaɗai ne fiye da rabin dashen ya tsira. Babban dalili a ƙasashen biyu shi ne kuskuren zaɓen wuri. A Filifin an fi yin dashe a shimfiɗaɗɗen taɓon da ke can gaba, domin babu mai shi kuma yana da sauƙin shiga, alhali wurin ya yi ƙasa ƙwarai, ruwa yana daɗewa a kansa.

Ni kaina na taɓa ziyartar wani wuri da wata ƙungiya ta tara matan gari suka yi makonni suna dashe cikin taɓo har gwiwa. Da muka koma bayan damina, sandunan alama kaɗai muka samu a tsaye. Tazarar da ke tsakanin wurin da aka dasa da inda mangurof na asali ya tsaya ba ta kai jifa ɗaya ba, amma ƙasar ta fi zurfi da kamar kamu biyu, kuma wannan ya isa ya kashe dashen. Asarar kuɗi ita ce ƙarama. Babbar asarar ita ce da aka sake kiran matan domin wani aikin, kaɗan ne suka fito.

A ɗauki misali da lissafi. In aka yi dashe da tazarar mita 2 tsakanin itace da itace, kadada ɗaya za ta ci tsiro 2,500, kadada 20 kuma 50,000. In kashi 15 cikin ɗari kaɗai ya rayu, tsiro 42,500 sun tafi a banza, tare da kuɗin renonsu da na kwalekwale da ladan ma'aikata.

KOWANE ITACE DA MAZAUNINSA

Ruwan teku yana cikowa ya janye sau biyu a kowace rana, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kullum. Cikowar ta fi girma a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu. Bambancin da ke tsakanin cikowa da janyewa kusan mita 1 ne a Legas, yana ƙaruwa in aka nufi gabas har ya kusa mita 3 a Kalaba. Mangurof yana zama ne a tsakanin matsakaicin tsayin ruwan teku da iyakar da babbar cikowa ke kaiwa. Binciken masani Robin Lewis na ƙasar Amurka ya nuna cewa dajin mai lafiya ba ya wuce kusan kashi 30 cikin ɗari na lokacinsa a cikin ruwa. Sauran lokacin saiwoyi suna buƙatar iska.

A cikin wannan ɗan tsakani ma, kowane iri da inda ya fi so:

(a) Jan mangurof dogo, wanda masana ke kira Rhizophora racemosa. Shi ne mafi yawa a Nijeriya. Yana da saiwoyi masu kama da ƙafafu da ke tokare shi, yana son taɓo mai laushi a bakin rafi, kuma shi ke fara kama sabon taɓo. Ɗansa yana tsirowa tun yana kan uwa, ya faɗo kamar mashi.

(b) 'Yan'uwansa biyu, Rhizophora harrisonii da Rhizophora mangle. Sun fi gajarta, kuma an fi samunsu a ciki, bayan layin dogayen, inda ƙasa ta fi tauri.

(c) Avicennia germinans. Saiwoyinsa na numfashi suna fitowa daga ƙasa tsaye kamar fensir, yana fitar da gishiri ta ganye, saboda haka ya fi sauran jure gishiri. Yana son ƙasa mai ɗan tauri da yashi.

(d) Laguncularia racemosa da Conocarpus erectus. Waɗannan suna can gefen tudu, inda ruwa ba ya kaiwa kullum.

(e) Kwakwar nipa. Ta fi son ruwan da gishirinsa bai yi yawa ba, inda kogi ke kawo ruwan daɗi, kuma ruwan ba ya da igiya mai ƙarfi.

MECE CE TASWIRAR DACEWA?

Duk manomin ƙwarai ya san gero na jigawa ne, shinkafa ta fadama ce, rake kuma sai inda danshi ba ya yankewa. Da ganin inda kowanne ya yi kyau da inda ya ƙi ya koya, har ya kai in an nuna masa sabuwar gona zai faɗi abin da za ta karɓa. Abin da masu bincike ke sa kwamfuta ta yi ke nan, sai dai a fili mai faɗin da ƙafa ba za ta iya zagayawa ba. Ana ba ta jerin wuraren da aka tabbatar itacen yana rayuwa, a ba ta bayanan yanayin kowane wuri, sai ta lissafa irin yanayin da itacen ke so, ta nemo sauran wuraren da ke da irinsa. Sakamakon shi ne taswira mai launuka da ke nuna inda ya dace sosai, da inda ya dace kaɗan, da inda bai dace ba. Ita muke kira taswirar dacewa, kuma kowane irin itace ana yi masa tasa.

MATAKAN HAƊA TASWIRAR

Mataki na 1: Tattara wuraren da itacen yake. Ana samun su daga aikin fili da na'urar GPS, da ɗakin ajiyar busassun tsirrai na Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya da ke Ibadan, da kuma rumbun GBIF na intanet, wanda aka kafa a 2001. Tsofaffin bayanai suna da amfani wajen sanin inda daji yake a da, amma sau da yawa ba su nuna wurin daidai ba, don haka sai an tace su.

Mataki na 2: Tattara bayanan muhalli. Ana raba yankin gida-gida kamar darar ƙasa, kowane gida a rubuta masa tsayin ƙasa, da tsawon lokacin da ruwa ke rufe shi, da yawan gishiri a rani da damina, da irin ƙasa, da nisansa daga rafi da kuma bakin teku, da ƙarfin igiya, da ruwan sama. Hotunan tauraron ɗan'adam suna taimakawa ƙwarai. Na Landsat, wanda aka soma harbawa a 1972, kyauta ne tun 2008, kuma a yawancinsu kowane gida mita 30 ne. Na Sentinel-2, wanda ya soma aiki a 2015, gidansa mita 10 ne, wato kadada ɗaya tana da gida 100.

Mataki na 3: Lissafi. Manhajar da aka fi amfani da ita ita ce MaxEnt, wadda Steven Phillips da abokan aikinsa suka gabatar a 2006. Ta yi farin jini ne domin tana iya aiki da wuraren da aka ga itacen kaɗai, ko da ba a rubuta inda ba a gan shi ba. Takan kwatanta yanayin wuraren da aka gan shi da yanayin yankin baki ɗaya, ta ba kowane gida maki daga 0 zuwa 1. Akwai wasu hanyoyin lissafi, kuma ya fi kyau a gwada biyu ko uku a ga inda suka yi ittifaƙi.

Mataki na 4: Gwaji. Akan ɓoye wa kwamfuta kamar kashi ɗaya cikin huɗu na wuraren da aka tattara, ta yi lissafi da sauran, sannan a duba ko ta gano waɗanda aka ɓoye. Makin gwajin in ya tsaya a 0.5, taswirar ba ta fi canki-canki ba. In ya doshi 1, ta iya bambancewa. Amma gwajin gaskiya shi ne a shiga kwalekwale a je wuraren da ba a taɓa zuwa ba a duba. Gani ya kori ji.

Mataki na 5: Zana taswira. Ana iya yin wannan da manhajar QGIS, wadda kyauta ce, a buga a takarda babba da sunayen rafuka da ƙauyuka yadda jama'ar wurin ke kiransu, domin kowa ya gane.

AIKIN MALAMIN GONA A FILI

Kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da aka ba ta. In bayanan da ka kawo gurɓatattu ne, taswirar ma gurɓatacciya ce. Saboda haka a kiyaye waɗannan:

1. Ka duba jadawalin cikowa da janyewar ruwa kafin ka fita, ka tafi da masunci ɗan gari wanda ya san rafukan, kowa kuma ya sa rigar kariya daga nutsewa.

2. Ka tsaya a gindin itacen kafin ka ɗauki lambar GPS. Kada ka ɗauka daga tsakiyar rafi, domin kwamfuta za ta ɗauka itacen cikin ruwa mai zurfi yake rayuwa.

3. Ka tabbatar da irin itacen. Jajayen mangurof ukun nan suna kama da juna ƙwarai, kuma da tsarin furensu aka fi bambance su. Ka ɗauki hoton ganye da fure da ɗa da saiwa. In kana shakka, rubuta cewa kana shakka.

4. Ka rubuta ko itacen na asali ne ko dashe, babba ne ko tsiro, lafiyayye ne ko mai ciwo. Ɗan tsiron da ruwa ya yar a wuri ba shaida ba ce cewa wurin ya dace, domin yana iya mutuwa kafin shekara.

5. Ka rubuta wuraren da ka duba ba ka sami itacen ba. Wannan bayani yana da daraja kamar na inda aka same shi.

6. Kada ka tsaya a bakin manyan rafuka da kusa da gari kaɗai don sun fi sauƙin zuwa. In duk bayananka daga nan suke, taswirar za ta nuna hanyar kwalekwalenka ne maimakon mazaunin itacen. Ka ba da tazara mai kyau tsakanin wuri da wuri.

7. Ka auna gishirin ruwa sau biyu aƙalla, a tsakiyar rani da tsakiyar damina. Ruwan teku tsantsa yana da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, amma a cikin rafuka yakan sauka ƙwarai da damina.

8. Ka auna tsayin ƙasa. Ba sai da na'ura mai tsada ba: farin tiyon da magina ke cika wa ruwa domin daidaita gini ya isa. Ka sa baki ɗaya a gindin mangurof na asali mafi kusa da ruwa, ɗaya bakin a wurin da ake son dashe, ka auna bambancin. Haka kuma za ka iya kafa sanduna masu alama a wurare biyun, ka rubuta lokacin da ruwa ya rufe gindinsu da lokacin da ya janye, har tsawon mako biyu, domin ka haɗa da babbar cikowa da ƙarama.

9. Ka tona ƙasa ka duba. Ƙasar dajin da ake kira cikoko a Neja-Delta cike take da ruɓaɓɓun saiwoyi, kuma tana ɗauke da sinadarin da in iska ta taɓa shi yakan koma tsami mai ƙarfi. Alamar ƙasar da ta riga ta yi tsami ita ce ɗigo-ɗigo masu launin rawaya kamar na kara, da jan ruwa mai kama da tsatsa. Ka kuma rubuta in ka ga mai ko ka ji warinsa.

YADDA AKE MAI DA TASWIRA TSARIN AIKI

Da zarar taswirar ta fito, sai a ɗora ta a kan taswirar dajin da ke nan yanzu, da ta inda yake a da, da ta kwakwar nipa, da ta wuraren da mai ya gurɓata. Daga nan za a raba fili kashi biyar:

Kashi na 1: Wurin ya dace, kuma dajin yana nan. Aikin a nan kariya ce, a tsara sara da yardar jama'a. Kare kadada ɗaya ya fi dasa ta araha nesa ba kusa ba.

Kashi na 2: Wurin ya dace, dajin ya tafi, amma akwai iyayen itatuwa kusa, ruwa kuma yana shiga yana fita. A nan sau da yawa ba a buƙatar dashe. A daina sara, a bar ruwa ya kawo 'ya'ya da kansa, a sa ido shekara ɗaya ko biyu.

Kashi na 3: Wurin ya dace a taswira, dajin ya tafi, kuma bai dawo da kansa ba. Tambayar farko ita ce: me ya hana shi? In titi ne ko tulin ƙasar yasa ya toshe rafi, a buɗe wa ruwa hanya tukuna. In mai ne, sai hukumomin da abin ya shafa sun tsabtace wurin sun tabbatar ya karɓi dashe, kamar yadda tsarin yake a aikin tsabtace Ogoni da aka ƙaddamar a 2016, wanda a ƙarƙashinsa hukumar HYPREP ta yi dashen mangurof a Bomu cikin ƙaramar hukumar Gokana. In kuwa rashin iyaye ne a kusa, to nan ne dashe ya wajaba.

Kashi na 4: Wurin ya dace da mangurof, ya kuma dace da nipa. Waɗannan wurare su ne fagen fama. In nipa ta riga ta kama, sai an sare ta an maimaita, ana kwashe 'ya'yanta, sannan a dasa da wuri. In ba ta iso ba, kada a bar fili a buɗe, kuma a riƙa cire ƙananan tun suna tsiro.

Kashi na 5: Wurin bai dace ba. A bar shi. Shimfiɗaɗɗen taɓon gaba yana da nasa amfanin, domin nan tsuntsaye ke kiwo, mata kuma suna tsintar abin miya.

A wajen dashen, a bi tsarin da taswirar kowane iri ta nuna: dogon ja a bakin rafi, sauran a bayansa, masu son tudu a gefe. Kada a cika ko'ina da iri ɗaya don kawai ɗansa ya fi sauƙin tsinta da sokawa a taɓo.

INDA ZA A YI HATTARA

Na farko, girman gida. Bayanan yanayi na WorldClim da masu bincike ke yawan amfani da su, gidansu kusan kilomita ɗaya ne, wato kadada 100 a gida guda. Sun isa a gane yankin da ya dace a faɗin ƙasa, amma ba za su gaya maka wane gefen rafi za ka dasa ba.

Na biyu, tsayin ƙasa. Taswirar tsayi ta SRTM da aka auna daga sararin samaniya a 2000 tana iya kuskure da mitoci, kuma a cikin daji kan itatuwa take aunawa maimakon ƙasa. Mangurof kuwa bambancin kamu ɗaya ko biyu yana raba shi da rayuwa. Don haka awon tiyo da sanda ba ya faɗuwa, komai kyan taswira.

Na uku, taswirar tana koyo ne daga inda itacen ya rage a yau. In mutane sun sare shi daga wuraren da suka fi kyau, kwamfuta za ta zaci ba ya son wuraren. Nan ne tsofaffin hotunan Landsat da bakin dattawan gari ke gyara kuskure.

Na huɗu, kada a ɗauki taswirar da aka yi wa gaɓar Kalaba a yi aiki da ita a Legas. Cikowar ruwa da ruwan sama da ƙasa duk sun bambanta.

TANADI DOMIN HAWAN TEKU

Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya nuna cewa teku ta hau da kusan santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma daga 2006 zuwa 2018 tana hawa da kusan milimita 3.7 a shekara. Mangurof yana iya bin ruwa ta hanyar tara taɓo da saiwoyi a ƙarƙashinsa, amma wani bincike da aka buga a 2020 ya nuna da wuya ya iya hakan in hawan ya wuce milimita 6 zuwa 7 a shekara. A wasu sassan gaɓa kuma ƙasar da kanta tana nutsewa, abin da ke ƙara saurin hawan.

Amfanin lissafin a nan shi ne ana iya ƙara tsayin ruwa a cikin kwamfuta a ga inda mazaunin kowane iri zai koma nan da shekara 30 ko 50. Wurin da ya dace yau, zai kuma dace gobe, shi za a sa a gaba. Wurin da ke daf da iyakar ƙasa a yau, a bar shi baya. Sannan a roƙi jama'a da hukuma su bar fili a gefen tudu ba gini ba katanga, domin dajin ya sami inda zai matsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

JAMA'A DA MALLAKAR FILI

Taswira ba ta san mai fili ba. Ko da yake Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kusan kowane rafi da daji a Neja-Delta akwai dangi ko gari da ke da haƙƙi a kansa bisa al'ada. Kafin a kafa sanda ko ɗaya, a kai taswirar gaban sarki da dattawa da ƙungiyoyin mata da masunta da matasa. A shimfiɗa ta a ƙasa, a bar su su nuna inda take da kuskure, da mashigar kwalekwale, da wuraren su, da wuraren da al'ada ta hana taɓawa. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. A kuma yi maganar itacen ƙyafa kifi a fili, domin in ba a samar wa mata murhu mai cin itace kaɗan ko wata mafita ba, dashen da ya girma zai koma wuta.

BIBIYA BAYAN DASHE

A keɓe ƙananan filaye masu alama a kowane kashi na taswirar, a ƙirga abin da ya rayu bayan wata 3, da wata 6, da shekara ɗaya, sannan kowace shekara har 5. A ƙirga har da tsiron da ya fito da kansa, domin shi ne babbar alamar cewa wurin ya warke. A rubuta abin da ya kashe waɗanda suka mutu: nutsewa, ko igiya, ko ƙaguwa, ko shara, ko mai. Kada a ɓoye asara don a faranta wa masu ba da kuɗi. Wurin da dashe ya mutu bayani ne da za a mayar wa masu bincike su gyara taswirar, ta baɗi ta fi ta bana.

KAMMALAWA

A taƙaice, a kare dajin da ya rage, a gano abin da ya kashe wanda ya tafi, a gyara hanyar ruwa, a yi amfani da taswirar dacewa wajen zaɓen wuri da iri, a tabbatar da awo a fili, sannan a yi dashe inda ya wajaba kaɗai. Nasarar aiki ana auna ta ne da yawan itatuwan da ke tsaye bayan shekara biyar, saboda haka rahoton da ya tsaya a kan yawan tsiron da aka soka ranar biki bai cika ba.

Domin ƙarin bayani, a tuntuɓi ofishin gandun daji ko na aikin gona na jiha mafi kusa, ko Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan, ko Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya da ke Legas. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a aikin.